Sakamakon Makarantunmu: Me Ya Sa Iyaye Ne Na Ƙarshen Sani?

 

Duk shekara, idan damina ta yi nisa, hukumomin jarrabawa sukan tara 'yan jarida su karanto musu alƙaluma. WAEC ta faɗi nata daga Legas, NECO ta biyo baya daga Minna: ɗalibai kaza ne suka zauna, kashi kaza cikin ɗari suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, an kuma riƙe sakamakon wasu kaza bisa zargin satar amsa. Bayan kwana biyu sai a ji jami'an jihohi a gidajen rediyo. Wanda jiharsa ta taɓuka abin kirki ya yi ta yabon gwamna, wanda tasa ta koma baya kuwa ya yi gum, ko ya shiga laluben uzuri. Daga nan an rufe babin ke nan, sai kuma baɗi idan Allah Ya kai mu.

A duk wannan hidimar akwai mutanen da ba a yi wa magana ba, alhali su ne masu 'ya'yan. Manomin da ke Ɗanzomo ko Jeke a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, da matar da ke sana'ar ƙuliƙuli a Medu ta Gagarawa, da dillalin shanu a Maigatari, da tela a cikin garin Gumel, babu wanda kason ƙasa baki ɗaya zai amfana da komai a cikinsu. Tambayoyinsu na kusa ne. Makarantar nan da ke bayan gidana, wadda nake tura yarana kowace safiya, malamai nawa gwamnati ta ba ta, kuma nawa ne suke zuwa? A cikin 'yan aji shida na bara, nawa ne za su iya karanta wasiƙa da Hausa? A cikin waɗanda suka shiga babbar sakandare shekara uku da suka wuce, nawa suka kai ga zama jarrabawar fita, nawa suka ci? An ce an ware kuɗin gyaran rufi: nawa ne, wa aka ba, yaushe zai gama? Waɗannan tambayoyi duk suna da amsa, kuma amsar a rubuce take. Sai dai tana cikin durowa, a ofishin da mai tambayar bai taɓa taka ƙafarsa ba.

Kada mai karatu ya zaci matsalar ta rashin bayanai ce. Kowace makarantar gwamnati tana da rajistar da ake kiran sunan yara kullum, da littafin da malamai ke sa hannu idan sun zo, da kundin da masu duba makarantu ke rubuta abin da suka tarar. Akwai ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, inda hedimasta ke cike fom mai shafuka da yawa: yara maza nawa, mata nawa, malamai nawa da irin takardunsu, azuzuwa nawa ne masu kyau, nawa suka lalace, akwai ruwan sha ko babu, akwai makewayi ko babu. Jigawa na cikin jihohi shida da shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017, ya yi aiki a cikinsu, kuma inganta wannan ƙidaya da ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu suna cikin manyan ayyukansa. A baya-bayan nan gwamnatin Malam Umar Namadi ta shigo da shirin JigawaUNITE tare da kamfanin NewGlobe, irin wanda aka riga aka yi a Edo da Legas da Kwara. Tsari ne da ya dogara kan 'yar kwamfutar hannu da ake ba malami, mai ɗauke da darasin ranar, wadda kuma take kai wa hedikwata labarin zuwan malamin da inda ya tsaya a darasi. Ga kuma WAEC da NECO, waɗanda ke riƙe da sakamakon kowace makaranta dalla-dalla, darasi bayan darasi.

Ashe dai bayanan har sun yi yawa. Aibinsu guda ne: hanya ɗaya suka sani. Daga hedimasta zuwa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, daga can zuwa SUBEB da ma'aikata a Dutse, daga Dutse zuwa UBEC a Abuja, daga Abuja kuma zuwa ofisoshin masu ba da tallafi a ƙasashen waje. Jami'in da bai taɓa shan ruwan Gumel ba zai iya buɗe kwamfutarsa ya ga yawan yaran da malami guda ke fama da su a yankinmu. Uban ɗaya daga cikin yaran kuwa sai dai ya yi ta kirdado.

Wani zai ce ai neman a baje aikin makaranta a faifai baƙuwar al'ada ce da aka aro daga Turawa. Wanda ya faɗi haka ya manta da makarantar allo. A can uba ya san surar da ɗansa yake, domin allon na jingine a zaure, duk mai shigowa yana gani. Idan yaro ya yi wata uku a sura guda, ba sai an kafa kwamiti ba: uban zai je ya gaida malam, cikin ladabi ya tambayi dalili. Ranar sauka kuwa a bainar jama'a ake yi, yaro ya yi karatu a gaban malamai da dattawan unguwa, wanda ya iya a shaida, wanda bai iya ba ma a shaida. Malamin da almajiransa ke sauka da kyakkyawan karatu, sunansa kan kai garuruwa masu nisa ba tare da ya yi talla ba. Haka ma musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shiryawa tun 1986. Daga matakin ƙaramar hukuma har zuwa na ƙasa, alƙalai a fili suke zama, a buga ƙararrawa idan an yi kuskure, a kuma bayyana sakamako kowa ya ji. Wannan bai taɓa zubar da mutuncin karatu ba, daraja ya ƙara masa.

Ko kuma mu leƙa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda fatake ke zuwa daga Nijar da kudancin ƙasar nan. Mai sayen sa zai zagaya shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a kora shi ya ga takunsa, kafin ya taya. Ba a cinikin biri a sama. To mutumin da ba zai biya kuɗin ɗan akuya ba sai ya tattaɓa shi, shi ne muke cewa ya miƙa ɗansa shekara tara ko goma sha biyu, ya kuma yi shiru sai a ƙarshe ya ga abin da aka dawo masa da shi.

Kuma kada a ce ai karatun kyauta ne, don haka ba shi da bakin magana. A wurin talaka babu karatun kyauta. Yaron da ke aji, hannu ne da aka rasa a gona lokacin girbin riɗi da zoɓo, kuma makiyayi ne da aka rasa a bayan awaki. Yarinyar da ke aji, taimako ne da uwa ta haƙura da shi a gida. Ga yunifom, ga littafin rubutu, ga kuɗin tara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye tura 'ya'yansu firamare da ƙaramar sakandare, har ta tanadi hukunci: gargaɗi a karon farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu, tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu bayan haka. Hukumar da ta ɗora wa uba wannan nauyi da ƙarfin doka, ya zama wajibi a kanta ta nuna masa abin da yake samu a madadinsa.

Abin da ake samun kuwa yana da tayar da hankali. Binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14 suke da ƙwarewar karatu ta matakin farko, a lissafi kuwa kusan kashi 25. Wato yaro ɗaya a cikin huɗu. Iyaye ba su karanta wannan rahoto ba, amma sun ga abin da idonsu. Sun ga ɗan maƙwabci ya gama aji shida an miƙa masa takardar asibiti ya kasa karantawa. Da ba a ba su wani ma'auni da zai bambance musu makarantar da ke aiki da wadda ba ta yi ba, sai suka yi wa bokon kuɗin goro. Muna ta kuka a kan yaran da ba sa zuwa makaranta, muna ɗora laifin kan jahilcin iyaye, alhali wani lokacin lissafi ne uban ya yi da abin da ya gani. Hanyar dawo da amincewarsa ita ce a nuna masa shaida, domin gani ya kori ji.

Akwai kuma dalilin da ya sa kason jiha baki ɗaya ba zai wadatar ba. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta. Idan an haɗa makarantun kimiyya na kwana, waɗanda ke tace ɗalibansu kafin su ɗauka, da makarantun jeka-ka-dawo na ƙauyukan bakin iyaka, aka raba daidai, adadin da zai fito bai siffanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Ko a cikin masarautar Gumel, halin makarantar da ke cikin gari, inda malamai ke son zama, ya bambanta da na wadda ke can bayan Galadi, ko ta 'ya'yan makiyaya da ke rugage. Matsakaicin adadi mayafi ne da ke rufe mai ƙiba da ramamme tare.

Sannan ga batun jarrabawar share fage, wadda aka fi sani da kwalifayin, da akan yi wa ɗalibai kafin gwamnati ta biya musu kuɗin jarrabawar fita. Mu ɗauka, alal misali, wata makaranta ta ɗauki yara 200 a ajin farko na babbar sakandare. Kafin a kai aji uku, 60 sun zube: wasu an yi musu aure, wasu sun tafi ci-rani. A cikin 140 da suka rage, 50 ne suka haye kwalifayin, sauran kuma iyayensu ba su da halin biya. A cikin 50 ɗin, 40 suka sami kiredit biyar. Mai son yabo zai ce kashi 80 cikin ɗari sun ci, kuma bai yi ƙarya ba. Mai son gaskiya zai ce 40 a cikin 200, wato kashi 20 cikin ɗari. Duk alƙaluman da aka faɗa ba tare da an ambaci yara nawa aka fara da su ba, rabin labari ne.

Shin buɗe bayanai yana gyara wani abu kuwa? Shekarar 2025 kaɗai ta ishe mu darasi. A watan Mayu JAMB ta bayyana cewa sama da ɗalibai miliyan 1.5, cikin sama da miliyan 1.9 da suka zauna, ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Iyaye da malamai da ɗalibai suka kwatanta sakamakon da abin da suka sani game da yaransu, suka ce akwai lauje cikin naɗi. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Is'haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. A watan Agusta kuma WAEC ta ce kashi 38.32 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan ƙorafi ya yi yawa ta sake dubawa, ta gano kuskure wajen makin wasu takardu, adadin ya koma kashi 62.96. Da a ce an ɓoye jimillar, kowane yaro ya ga nasa shi kaɗai, da kowane uba ya zargi ɗansa da rashin karatu, da kuma dubban yara sun rasa shekara guda a banza.

A Yuganda an taɓa bin sawun kuɗin da gwamnati ke aika wa firamare bisa yawan ɗalibai, aka tarar cewa tsakanin 1991 da 1995 kusan kashi 13 cikin ɗari ne kawai suke isa makarantun, sauran suna maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnati ta fara buga adadin da ta aika kowane wata a jaridu, ta kuma umarci makarantu su manna abin da suka karɓa inda kowa zai gani. Zuwa 2001 sama da kashi 80 ke isa. An yi wasu gyare-gyaren a tare, amma masu binciken sun lura cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su ne suka fi karɓar haƙƙinsu. A lardin Punjab na Pakistan kuma an yi gwaji a ƙauyuka 112: a rabinsu aka raba wa iyaye takardar da ke nuna makin 'ya'yansu da na dukkan makarantun ƙauyen. Karatu ya ƙaru, yara sun ƙaru a makaranta, kuɗin makarantu masu zaman kansu ya sauka da kusan kashi 17 cikin ɗari, domin mai karɓar kuɗi da yawa ba tare da aiki ba asirinsa ya tonu.

Sai dai adalci ya wajabta a saurari masu tsoron wannan abu, domin tsoronsu yana da tushe. Malamin makaranta a Arewa ya tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka yaɗa wasu takardun amsarsu a kafafen sada zumunta, aka kuma sallame su. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki, amma tun daga lokacin duk wanda ya zo da maganar awon makaranta, malami kan ji kamar wuƙa ake wasawa. A Kenya gwamnati ta hana jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe a 2014, saboda wasu makarantu sun koma tilasta wa raunanan yara maimaita aji, ko yi musu rajista a wata cibiya, don kada su ja sunan makaranta ƙasa. A birnin Atlanta na Amurka kotu ta sami malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015 a badaƙalar gyara amsoshin ɗalibai. Mu ma nan mun san cibiyoyin da iyaye ke kai 'ya'yansu don a rubuta musu amsa a allo. Idan aka mayar da sakamakon jarrabawa shi kaɗai ma'aunin yabo da hukunci, an buɗe wa waɗannan cibiyoyi kasuwa ke nan.

Akwai kuma darasi daga gundumar Jaunpur ta Indiya, inda masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda daga baya suka sami kyautar Nobel a 2019, suka gwada sanar da mutanen ƙauye halin karatun 'ya'yansu da ikon da kwamitin ilimi na ƙauye yake da shi. Sanarwar ita kaɗai ba ta canza komai ba. Inda aka ga canji shi ne inda aka horar da matasan ƙauyen suka buɗe ajin koyar da karatu. Sanin ciwo bai zama magani ba sai akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa a buɗe.

Waɗannan misalai ba hujjar ɓoyewa ba ne, jagora ne ga yadda za a buɗe. Ƙa'ida ta farko, kada a bayyana sakamako ba tare da an bayyana abin da aka ba makarantar ba. Idan an ce yara kaɗan ne suka ci Lissafi, a faɗa a layi na gaba ko makarantar tana da malamin Lissafi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Takardar da za ta nuna gazawar hedimasta, ita ce kuma za ta nuna gazawar wanda ya bar shi da malamai uku a kan azuzuwa shida, ko ya cire masa ƙwararren malami ya mayar da shi gari don ya san wani. Malamin kirki shi ne zai fi kowa cin moriyar wannan, domin yau ana zaginsa tare da wanda ba ya zuwa aiki. Ƙa'ida ta biyu, a gwada makaranta da kanta: ina take bara, ina take bana. Makarantar ƙauyen da ta ɗaga masu iya karatu daga yara goma zuwa ashirin ta fi cancantar yabo a kan wadda ta tace zaƙaƙurai ta kuma tsaya inda take. Ƙa'ida ta uku, sunan yaro da makinsa sirrinsa ne da iyayensa. Jimillar makaranta ita ce haƙƙin jama'a.

Doka ma tana tare da mai tambaya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayun 2011, ta ba kowane mutum ikon neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Wanda bai iya rubutu ba zai iya nema ta hannun wani, ko ya faɗa da baki jami'in ya rubuta masa. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai tarar Naira 500,000. Dokar ta kare bayanan sirri na ɗalibai da tambayoyin jarrabawa, amma ba ta kare yawan malamai ko kuɗin kwangila ba. Shekara da shekaru wasu jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har ranar 11 ga Afrilun 2025 da Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta yanke cewa ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Haka nan hukuncin 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara wa shugabanninsu nauyi, tunda tsarin mulki ya sanya ilimin firamare cikin ayyukan da suke da hannu a ciki, kuma daga kasonsu ake biyan malaman firamare.

Amma bai kamata a jira sai manomi ya rubuta takardar neman bayani ba. Jigawa ta yi suna wajen wallafa kasafin kuɗinta da rahoton yadda ake kashe shi, kuma gwamnatocinta sun sha alfahari da kason da suke ware wa ilimi. Abin da ya rage shi ne a sauko da wannan ɗabi'a daga Dutse zuwa ƙofar makaranta. Masarautar Gumel, mai ƙananan hukumomi huɗu kacal, wuri ne da ya dace a fara gwaji.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar biliyoyi. Takarda ce mai shafi guda ga kowace makaranta, sau ɗaya a kowane zango, a rubuce da Hausa, da boko da ajami, a manna a bangon ofishin hedimasta ta waje da kuma ƙofar dagaci. A ciki a sa yawan yaran da ke rajista da yawan masu zuwa, maza daban mata daban. Yawan malaman da aka turo da darussan da babu mai koyar da su. Kwanakin da aka yi karatu a zangon. Halin azuzuwa da kujeru da ruwa da makewayi. Duk kuɗin da ya shigo da abin da aka yi da shi. Duk aikin kwangila da adadinsa da ranar gamawa. Sannan sakamako, tare da adadin da aka fara da su. Irin wannan takarda za ta tona abubuwan da kowa ke zargi amma ba a auna ba. Idan rajista ta nuna aji yana raguwa duk ranar kasuwa ko lokacin girbi, nauyin ya koma kan iyaye. Idan ta nuna malamai ne ke ƙara wa kansu hutu, ya koma kan ofishin ilimi.

Tunda ba kowa ne ke karatu ba, a karanta takardar da babbar murya a taron kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, a gaban iyaye maza, a kuma yi wa mata nasu zaman, domin su ne suka fi sanin yaron da ya fita da safe da wanda ya maƙale. Sakataren Ilimi ko wakilinsa ya halarta, a rubuta abin da ya yi alkawari, a zango na gaba a fara da karanta alkawarin. Gidajen rediyo, daga Rediyon Jigawa zuwa masu zaman kansu, su ware fili su riƙa bin ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya.

A firamare, inda babu WAEC, akwai hanya mai sauƙi. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tun 2005 take tura masu sa-kai gida-gida da 'yar takarda: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, gajeren labari, da ɗan lissafi. A cikin mintuna kaɗan, a gaban uwa da uba, za a ga inda yaro ya tsaya. Da yawa daga masu yin aikin ɗaliban kwalejojin horar da malamai ne. Mu kuwa ga Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa a cikin garin Gumel, cike da matasan da gobe su ne malamai. Me zai hana wannan awo ya zama wani ɓangare na koyon aikinsu? Jama'a za su sami ma'auni daga hannun da ba shi ne ya koyar ba, ɗaliban kuma za su ga girman aikin da ke jiransu tun kafin su karɓi alli.

Sauran aikin na shugabanni ne. Mai Martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani II, da hakimansa da dagatai da masu unguwanni suna da kunnen jama'a, kuma sun daɗe ana neman taimakonsu wajen kai yara makaranta. Wanda aka roƙa ya tara yara yana da haƙƙin a kawo masa rahoton abin da aka koya musu. 'Yan majalisar jiha masu wakiltar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar za su iya kai ƙudurin da zai mayar da wannan takarda doka, don kada ta mutu da sauyin gwamnati. Shirin Gwamnati da Jama'a, wanda gwamna ke zagaya ƙananan hukumomi yana bayyana ayyukansa, zai ƙara armashi idan bayan lissafin azuzuwan da aka gina aka faɗi yawan yaran da suka koyi karatu a cikinsu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, irin na Lautai, da ƙungiyoyin ɗaliban masarautar da ke manyan makarantu, su ne suka fi dacewa su fara rubuta takardar neman bayani, cikin ladabi, su kuma bi sawunta.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a bana, nan da shekara shida zai fito, ko ya iya karatu ko bai iya ba, kuma a ranar babu rahoton da zai iya ɓoye gaskiyar. Bambancin kawai shi ne ko iyayensa sun sani tun yana aji biyu, lokacin da icce ke ɗanye, ko kuwa sai bayan ya bushe. Ga duk uba ko uwar da ke karanta wannan fili, ga aikin wannan mako: a je makarantar yaro, a gaida hedimasta, a tambaye shi malamai nawa gare shi, da darasin da ba shi da mai koyarwa. A dawo gida a miƙa wa yaron wannan jarida, a ce ya karanta layi uku.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.